Kafin ka kai kwamfutar injinka a goge, cire abin da ka jona jiya

Ƙannena masu koyon aiki da injin sassaƙa na CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa, bari in ba ku labarin kwana ukun da na yi asara.

Na sayi 'yar na'urar hannu mai juyi, wadda ake riƙewa a matsar da kan injin ba sai an koma gaban allo ba. Ta USB ce. Na jona ta da yamma, ta yi aiki lafiya da Mach3, manhajar da ke sarrafa injin, na kashe komai na tafi gida. Washegari na kunna kwamfuta, sai ta tsaya cik a tambarin kamfani, ko ƙofar Windows ba ta kai ba. Ga ƙofofi biyu na jiran zane, mai su kuma yana ta kira.

Ban tsaya na tambayi kaina me ya canja tun jiya ba. Na ce ƙwayar cuta ce, na ɗauki kwamfutar na kai aka goge. A wurin mai gyara ta tashi sumul, tunda na'urar na baro ta a shago. Ina dawowa na jona komai, ta sake tsayawa. Abin da ya fi ciwo, fayil ɗin saitin injin ya tafi da gogewar, shi ne mai riƙe da taku nawa motar da ke tura kan injin za ta yi kafin ta ci milimita ɗaya. Sannan an saka mini Windows mai 64-bit, alhali Mach3 ba ya magana da injin ta tsohuwar kafa mai fil 25 sai a kan 32-bit. Aka sake gogewa, na zauna da ma'auni ina auna kowane sashe daga farko.

Ashe matsalar ƙarama ce. Kafin Windows ta tashi, BIOS, wato tsarin da ke fara tayar da kwamfuta, yana duba duk abin da ke jone da USB, kuma nawa an saita shi ya fara neman tashi daga nan. Da ya ci karo da na'urar sai ya maƙale. Cire na'urar, ka kunna kwamfutar. In ta tashi, sake kunna ta, danna Del ko F2 tun farkon kunnawa don shiga BIOS, ka sa faifan kwamfuta a gaba a jerin tashi.

In har yanzu ta ƙi, duba wuta. Kafar USB 2.0 bolt 5 take bayarwa, miliamfiya 500, kuma allon lantarkin injin da ke da wutarsa daban yana iya turo wuta baya ta wayar ya rikita kwamfutar. Ni yanzu kwamfuta nake fara kunnawa, sai Mach3 ya buɗe, sannan akwatin injin. Wannan har don hannunka ne, domin lokacin tashi filolin kafar nan mai fil 25 suna iya sa mota ta motsa ba kai ka ce ba.

Fayil ɗin saitin yana cikin folda Mach3, ƙarshen sunansa xml. Nawa yana cikin filashi biyu, ɗaya a shago, ɗaya a gida.