Daga 'Yan Katako Zuwa Sharaɗa, Inda Ake Dafa Totuwa Ta Zama Gawayi

Da hantsi na taso daga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, inda garin katako ke tsibi-tsibi a bayan injinan yanka. Masu saye buhu-buhu kan cusa hannu can tsakiyar buhu. In sun ji sanyi-sanyi sai su wuce, don da sauran danshi. Adaidaita sahu ya bi da ni ta Titin Zariya, muka karkata zuwa Sharaɗa, na sauka a wani fili da ke bayan masana'antu, duk an shanya totuwar masara da ɓawon gyaɗa a kan tamfol.

Tukunyar aikin durom biyu ce. Ƙaramin shi ake cikawa da totuwa, a rufe, a liƙe bakin murfin da yumɓu, sannan a zura shi cikin babban mai lita 200, a hura wuta a ƙasa. Wuta ba ta taɓa kayan, iska kuma ba ta shiga, don haka ba ƙonewa suke yi ba, zafi ne ke narkar da jikinsu ya raba shi uku: gawayi, ruwa mai kwalta, da gas.

Na tambayi maigidan wurin ina ma'aunin zafinsu. Ya ce, "Malam, hayaƙi ne ma'auninmu." Da gaskiyarsa. Farin hayaƙi na farko tururi ne kawai, ruwa ke fita. Daga wajen digiri 250 sai ya yi kauri, ya koma rawaya-rawaya, yana yaji a ido. Tsakanin 300 da 400 gas ke zubowa sosai, bakin bututun da ke fitar da gas ɗin daga ƙaramin durom, wanda aka lanƙwaso ƙarƙashinsa, ya kama da wuta, sai a janye itace, tukunyar ta ci gaba da dafa kanta. In harshen wutar ya mutu da kansa, aiki ya nuna. Kilo 10 na busasshiyar totuwa kan ba da kusan kilo 3 na gawayi.

Ɓarnar yawanci daga wuri uku take zuwa. Kayan da danshinsu ya haura kashi 15 cikin ɗari suna cinye itace, tsakiyarsu ta fito ɗanya. Shi ya sa aikin ya fi daɗi da hunturu. Kwalta kan daskare a gwiwar bututu in ya yi siriri, gas ya rasa hanya, murfi ya yi sama, don haka bayan kowace dahuwa sai an zura ƙarfe an goge. Na ukun gaggawa ce: a buɗe durom da zafinsa, iska ta shiga, gawayin ya kama ya zama toka. Kwana yake yi a rufe. Kuma a sarari ake wannan aiki, domin gas ɗin na ɗauke da guba marar wari mai kashe mutum a rufaffen ɗaki.

A ganina ɓuntun shinkafa, duk arharsa a Kano, bai kai totuwa ba wajen girki. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce mai yashi-yashi. Gona ta fi dacewa da gawayinsa, a gauraya da taki.

Masu son fitar da mai daga irin waɗannan kayan su sani wannan durom ba zai yi ba. Sai an niƙa kayan ƙasa da milimita 3, a watsa su cikin yashi mai zafin digiri 500, a sanyaya tururin kafin daƙiƙa 2. Man da ke fita tsami gare shi, yana cin baƙin ƙarfe, ƙarfinsa kuma wajen rabin na dizal ne.

Da la'asar na bar yaran wurin suna daka gawayi, suna kwaɓa garin da kunun sitacin rogo, abin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, suna matsawa a guntun bututu. Curin da sitaci ya yi wa kaɗan, tun a kan tamfol yake rugujewa.