Sholishon da ya bushe min a hanyar Damagaram

Har yau in na ga sholisho a shagon kayan keke sai raina ya sosu. Daga Kano zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne, na kuma ƙudura zan cinye su cikin kwana uku a kan tsohuwar Phoenix ɗin mahaifina, a hunturun da ya gabaci rufe iyaka na 2023. Na sa sababbin tayoyi, na gyara birki, na ɗaure jarkar ruwa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli a kariya. Sholisho kuwa na ce ai akwai ragowa a gwangwanin kayan faci, don me zan sake kashe kuɗi? Ko buɗe shi ban yi ba.

Dambatta, Kazaure, Daura, babu wani labari sai iskar arewa da ke turo ni baya, leɓe duk ya tsattsage. A Daura na kwana a harabar masallaci da izinin ladan, da safe na leƙa rijiyar Kusugu, na tsallaka iyaka zuwa Nijar ta Kongolam.

Bayan Matamaye abin ya same ni. Rana ta take, sai na hango gawo a cikin gona, shi da yake fitar da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Na sauka daga kwalta na gangara da keken. Ashe tsidau ne shimfiɗe a wurin. Gaba da baya duk suka sace, huji bakwai na ƙirga. Ban damu ba, ai ina da faci. Na murɗe murfin sholisho, na tarar ya daskare kamar ƙaro. Na matsa, na shanya a rana, na ɗiga masa ruwa don tsabar ruɗewa. Ina!

Tun azahar nake turin keke har rana ta yi ja. Wajen magariba wani dattijo ya cim mini da amalanken shanu cike da kara.

"Samari, ga keke kuma kana tafiya a ƙasa? Daga ina?"

"Daga Kano, Baba."

Ya dube ni, ya dubi tayoyin, ya yi dariya. "Ɗora shi bisa karan nan. Yau kai baƙona ne."

A zaurensa na kwana. Aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka, aka biyo da fura, ya miƙo min bargo. Sai da asuba na gane bargonsa ne, don na same shi a bakin wuta ya lulluɓa da rawani kawai. Da gari ya waye ya tura ɗansa Matamaye a babur neman sholisho.

Nan na yi abin kunya har biyu. Yaron ya ce ɗari ya saya, na miƙa masa sefa 100, ya tsaya yana kallona. A Nijar da dala ake lissafi, kowace dala sefa biyar, don haka ɗarinsu sefa 500 ce. Garin wanke wannan kunyar sai na zaro jaka biyu, wato sefa 2,000, na nufi dattijon. Fuskarsa ta canza.

"Ɗana, kwana na sayar maka? Mayar aljihu, gabanka da nisa."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ga mai niyyar irin wannan tafiya: buɗe sholishonka tun a gida, ka sa yatsa ka taɓa. Ka sayi ƙanana biyu, kada ka huda na biyun sai da dalili. In inuwa ta ja ka gefen hanya, saɓa keken a kafaɗa. Ka kuma yanka tsohuwar taya ka shimfiɗa a cikin sabuwar, dabarar da ɗan dattijon ya koya min muna tsugune muna faci. Tsimin da na yi a kan abin da bai kai kuɗin shayi da burodi ba shi ya cinye min yini guda, ya sa tsoho kwana cikin sanyi.

A rana ta huɗu na isa ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni. A dawowa, iska na bayana, na tsaya a garin dattijon da goro da sukari. Wannan karon ya karɓa, tunda tsaraba ce. Na hau keke zan tafi ke nan ya ɗaga murya:

"Samari, ka dai buɗe shi ka duba?"