Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Lamba 9 da Lamba 22

A makon jiya mun tsaya a ranar da aka ɗebi ɓargo a ƙashin ƙuguna. Allurar da zafi, amma zafin na ɗan lokaci ne. Jiran sakamakon ne ya fi cin raina.

Umma ce ta raka ni ranar da ya fito. Tun da aka ce mana sankarar jini ce, ba ta sake barcin kirki ba. Ta ƙudurta a ranta cewa daga ɓangarenta ciwon ya fito, domin ƙanenta da ciwon daji ya rasu. Ni kuwa 'ya'yana biyu nake tunani. In na dube su suna barci, sai in ce ko na riga na ba su abin da ke cikin jinina.

Likita ta juyo da takarda gabanmu. Hoto ne na wasu 'yan sanduna masu ratsin baƙi da fari, an jera su biyu-biyu, kowanne da lamba a ƙarƙashinsa.

"Malama, waɗannan su ne kuromosom ɗinki," in ji ta. "Guda 46 ne, 23 daga uwa, 23 daga uba. A cikinsu ƙwayoyin gado suke."

Ta ɗora bakin biro a kan lamba 22. Ko ni da ban san komai a fannin ba, na ga ɗaya ya fi ɗan'uwansa gajarta. Ta matsa zuwa lamba 9, nan kuma ɗaya ya ɗan fi tsawo. Ta ce guntu ya karye daga 9, wani ya karye daga 22, suka yi musayar wuri. A daidai mahaɗar, ƙwayoyin gado biyu da ba su da alaƙa, BCR na 22 da ABL1 na 9, suka manne suka zama ɗaya. ABL1 mai lafiya yana ba da umarnin a hayayyafa idan akwai buƙata, sannan ya yi shiru. Wannan haɗaɗɗen kuwa kamar makunnin fitila ne da ya maƙale a kunne. Shi ya sa fararen ƙwayoyin jinina suka yi ta ƙaruwa, saifata ta kumbura har ta danne cikina, loma uku sai in ji na ƙoshi. An duba ƙwayoyi 20 daga ɓargon, kuma duka 20 ɗin suna ɗauke da karayar.

Umma ta gyara zama, muryarta na rawa. "Likita, don Allah kada ki ɓoye mini. A nono ta sha?"

"A'a, Mama. Ba a haife ta da shi ba. Da za mu ɗebi fatar hannunta mu duba, za mu tarar da 9 da 22 lafiya ƙalau. A cikin ƙwaya ɗaya ta ɓargo abin ya faru, ita kuma ta yi ta haifar irinta. Ba daga gare ki ba ne, kuma jikokinki ba za su gada ba."

Umma ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai sauti, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba. Har yau ina ganin ya kamata a riƙa nuna wa majinyaci da iyalansa wannan hoto. Bayanin bai kai minti goma ba, amma ya sauke wa tsohuwa nauyin da ta yi makonni tana ɗauke da shi ita kaɗai.

Sunan gajeren kuromosom ɗin Filadelfiya, kuma ana samunsa a jikin fiye da kashi 90 cikin 100 na masu irin ciwona, wato sankarar jini mai tafiya a hankali da ake kira CML. A birnin Filadelfiya na Amurka Peter Nowell da David Hungerford suka fara ganinsa a 1960. Sai a 1973 Janet Rowley, a Jami'ar Shikago, ta gano cewa guntun bai ɓace ba, ƙaura ya yi zuwa lamba 9. Takan yanka hotunan kuromosom ta jera su a kan teburin cin abincin gidanta tana kwatantawa. Matar nan tana burge ni ƙwarai. Saboda an gane mahaɗar ne aka iya haɗa maganin da ke toshe furotin ɗin da take samarwa, wato imatinib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2001. Shi likita ta rubuta mini, miligiram 400 kullum.

Kafin mu tashi ta ƙara wani abu. Hoton siffa kawai yake nunawa, ba ya faɗin yadda ƙwayar gadon ke aiki. Duk ƙwayar gado mai aiki tana aika saƙonni, kuma ana iya auna su.  Ni dai za a riƙa ɗibar jinina duk wata uku a yi gwajin PCR, a ga yawan saƙon BCR-ABL1. Ana so ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 ko ƙasa a wata uku, kashi 1 a wata shida, sannan 0.1 a shekara. Na rubuta lambobin a bayan katin asibitina.

Makonnin farko sun ba ni wuya. Da safe fatar idona a kumbure, da dare jijiyar ƙafa ta ɗaure, ga tashin zuciya. Amma saifar ta sace, ƙarfi ya fara dawowa, har maigidana ya ce fuskata ta koma ta da.

Da wata uku ya cika aka ɗebi jini. Na koma karɓar sakamako ni kaɗai, da ƙwarin gwiwata. Lambar da ke kan takardar 14 ce. Likita ta daɗe tana dubanta, sannan ta cire tabarau ta dube ni.

"Malama, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Kwana nawa kika tsallake ba ki sha ba?"

Amsar da na ba ta sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.