Daren da Hajiyarmu ta kira ni da sunan marigayiya

Wallahi kafin watan jiya ban taɓa sanin ɓargo na iya kwantar da mutum ba, mu da muke rigima kan ƙashin miya saboda shi.

Hajiyarmu ta daɗe tana fama da gwiwa, sallah ma a zaune take yi, har dai aka yanke a sa mata ta ƙarfe. Aiki ya yi kyau, ranar farko har tsokanar nas take. Dare na biyu ne abu ya juya, numfashi sama-sama, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu, wai in sauke tukunya kar ta ƙone. Gwaggo ta ce iska ne a nemo malam, ni kuma na ɗauka allurar barcin ce ba ta gama sakinta ba. Nas ɗin ce, Allah Ya saka mata, ta maƙala mata ɗan abin nan a yatsa ta ga oksijin ya yi ƙasa, ta ja wuyan rigarta sai ga jajayen ɗigo-ɗigo ƙanana a ƙirji da hammata.

Likita ya ce sunansa fat embolizim. Wai in ana aikin akan zura sandar ƙarfe cikin ƙashin cinya don a daidaita yanka, to matsin nan kan tura maiƙon ɓargo cikin jini, ya je ya toshe ƙananan jijiyoyin huhu, wani ya kai ƙwaƙwalwa, shi ya kawo sambatun. Yawanci tsakanin awa 24 zuwa 72 yake nuna kansa, lokacin da mu 'yan jinya mun saki jiki muna ta karɓar 'yan dubiya da kulolin abinci.

Na ce Dokta ba allurar narkar da jini ake mata ba? Ya ce wannan ta gudan jini ce, ba ta taɓa kitse. Babu wani magani nasa na musamman, oksijin ne da ruwa da sa ido, in ya yi tsanani a sa na'urar numfashi har jiki ya share shi da kansa. Ya ce sun fi ganinsa ma a karayar cinya, irin ta hatsarin babur, kuma masu sikila ma yakan same su.

Kwana huɗu ta yi da oksijin a hanci. Da ta dawo hayyacinta na ba ta labarin tukunya, ta ce ƙarya nake mata, har yau ba ta yarda ba.