Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Shekarar da kalmomi suka fara guje wa Baba

Makon jiya na tsaya a komawarmu Agege da ke Legas. Yau zan shiga ciwon Babanmu, abin da har gobe yake min nauyi a zuciya.

Baba dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, mutum mai baki. Da Hausa yake ciniki da masu kawo kaya daga Aliero, ya juya ya yi Yarbanci da matan da ke sari. Bai cika sittin ba muka fara ganin sauyi. Zai nemi buta, sai ya tsaya yana murza yatsu, can ya ce, "Ke, miƙo min abin nan... na alwala."

Abin da ya ruɗe mu, lissafinsa bai taɓu ba. Kuɗin buhu nawa, wa ake bi bashi, duk yana riƙe da su, kuma shi kaɗai yake hawa mota ya je kasuwa ya dawo. Umma ta ce gajiya ce. Abokan sana'a suka ce jifa ne, aka yi ta tofi da rubutu. Ban ga laifinsu ba, wa zai kawo ciwon ƙwaƙwalwa ga mutumin da ba ya mantuwa?

A asibitin koyarwa na Idi-Araba likitar ƙwaƙwalwa ta nuna masa hoton agogo. Baba ya taɓa wuyan hannunsa, ya sake taɓawa, sunan ya ƙi fitowa, gumi na tsattsafo masa a goshi. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ɓangaren hagu, inda magana take, ya fara tsukewa.

Ta ce mana shanyewar ɓarin jiki kan ɗauke magana a rana guda, wannan kuwa a hankali yake ci, shekara da shekaru, domin ƙwayoyin wurin ne ke mutuwa. Yakan fara kafin shekara 65, wani lokaci mafarin cutar mantuwa ne da ake kira Alzheimer. Wani likita a Amurka, Marsel Mesulam, ya bayyana shi a 1982. Babu maganin da ke warkar da shi, sai koyon dabarun magana. Ta roƙe mu mu daina yi masa gaggawa, mu riƙa tambaya gajera, mu haɗa masa littafin hotunan kayan gida.

Umma ta gyara mayafi ta ce, "Likita, to Fatiha fa? Ita ma zai rasa ta?"

Amsar da aka ba ta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.