Accept da except, kar ku bari kunne ya rubuta muku wasiƙa

Shekaranjiya ɗan ƙanwata ya miƙo min waya wai Kawu duba min kafin in tura. Wani kamfani ne ya ba shi gurbin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke zuwa yi, shi kuma ya rubuta musu "I except your offer". Na ce gyara, ya ce ai wayar ba ta ja masa jan layi ba. To ya za ta ja? Except ɗin ma kalma ce mai zaman kanta, wurin da ya saka ta ne ba nata ba.

Wallahi raina ya ɓaci, don abin da na yi ke nan lokacin da aka fara ɗauka ta aikin akawu. Da hannuna na rubuta takardar amincewa, ina ji da kaina saboda na samu kiredit a Turanci a WAEC. Oga ya karanta, ya zagaye kalmar da jan biro ya ce kai karɓar aikin ka yi ko cire kanka ka yi? Ba a hana ni aikin ba, amma daga ranar duk wasiƙar da za ta fita wani ake ba, ni sai jigilar fayil, kuma wancan ɗin ya riga ni samun ƙarin girma. Har yau ina ganin an tsananta min fa, don malamin da ya koya mana shi kansa "aksef" yake cewa duka biyun, Turawan ma in suna sauri wasalin farko ne kawai ke ɗan bambanta, to yaron da ya ɗauki Turanci a kunne ya zai yi? Amma kuma akwai ƙamus a ɗakin yayana, girman kai ne ya hana ni buɗawa.

Ma'anar accept da except ko kusa ba ta haɗu ba. Accept aikatau ne, karɓa ko amincewa, shi ne maɓallin da kuke dannawa a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, in jami'a ta ba ku gurbi, daga shi aka samu acceptance na kuɗin da ake biya kafin rajista. Except kuwa "ban da" ne, kamar ka ce kowa ya zo ban da Audu. Dukansu daga Latin suke, tushen yana nufin ɗauka, sai dai ex ɗin nan fitarwa waje ne, irin na exit da kuke gani a saman ƙofa. Ga kuma expect, sa rai, ita ma ana cakuɗa ta a ciki.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa amma guda ce: kalmar da ba za ka iya faɗin ma'anarta da Hausa ba, kar ka sa ta a takardar neman aiki. Kuma ku daina dogara da waya. To ko da yake ƙamus ɗin ma yanzu a wayar yake, kyauta, ku buɗe shi mana! Abin da ke ƙona min rai ke nan da yaran yanzu, data ba ta yankewa a TikTok har asuba amma minti ɗaya na duba kalma ya gagara, in ka yi magana a ce ai an gane abin da nake nufi. Wanda ke tace takardu ɗari a tebur ba shi da lokacin gane nufinka, gefe zai ajiye taka ya ɗauki ta gaba.