Kafin Ka Rufe Mazubin Hatsi

Danshi ya fi ƙwari ɓarna a ajiya. Da zarar ya haura kashi 13 cikin ɗari, fumfuna ta samu gida. Don gane ko hatsin ya bushe, zuba kaɗan daga ciki da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, ka rufe, ka girgiza sosai. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, mayar da hatsin rana.

In ya bushe ƙarau, cika mazubin har baki ka toshe shi gam. Iska na ƙarewa, ƙwarin ciki za su mutu. Yawan buɗewa ke ɓata aikin, shi ya sa ƙananan mazubai suka fi babba ɗaya. Ɗora su kan katako, domin daɓe na tsattsafo da danshi.